Kwale-kwale, kayak ko allon tsayuwa: wanne za ka hau ranar tseren shigar burtu a Binuwai?

Tun da Oktoba ta raba tsakiya ruwan Binuwai ya fara ja da baya, yashi ya fara leƙowa ta ƙasan gadar Garwa, ƙannena na unguwa suka hana ni sakat da tambaya ɗaya, wai Yaya me za mu hau ranar tsere. Tseren da suke nufi shi ne wanda samari ke haɗawa tsakaninsu in ruwa ya kusa tafiya, kowa ya yi shigar burtu, wani ya fito maharbi da layu har wuya, wani makiyayi da malafa da sanda, wani ɗan kama, wani ma rawanin kakansa zai aro, a biyo ruwa daga sama har gada, wanda ya riga isowa ya ci, wanda shigarsa ta fi burge 'yan kallo shi ma ya ci nasa. Da can babu wata shawara, kwale-kwale ne kawai. Yanzu an samu kayak, ƙaramin jirgin roba na mutum ɗaya, 'yan ƙalilan a gari, ga kuma allon nan da ake hura wa iska a tsaya a kai ana tuƙi, shi ya sa maganar ta rabu uku. Ukun duka na hau, ɗaya ya taɓa kifewa da ni, toh bari in faɗi abin da na gani da idona.

Ba mu muka fara ba kam. A Duwala ranar Ngondo, farkon Disamba, mutanen Sawa suna tsere a kogin Wuri da dogayen jirage cike da matuƙa, kowane jirgi da kalar kayansa da mai ba da waƙa. A Argungu ma bayan kamun kifi akwai tseren kwale-kwale. Can kudancin Faransa kuma a kogin Ardesh, cikin Nuwamba lokacin da sanyi ya shigo kakar tuƙi ta zo ƙarshe, suna yin dogon tsere ta cikin duwatsu, kuma da yawansu da shigar ban dariya suke fitowa. Amma ruwan kowa daban, namu ruwan yashi ne mai faɗi, launin kunu, ba ka ganin abin da ke ƙasa, kuma muna da maƙwabta a ciki, wato dorina, waɗanda su can ba su da su.

Kuskuren da yara ke yi shi ne su zaɓi shiga daban su zaɓi abin hawa daban, sai ranar tsere a bakin ruwa su ga biyun ba sa zama wuri ɗaya. Ni a wurina tambayar farko ba wanne ya fi gudu ba ce. Tambayar ita ce, in abin nan ya kife da ni ina cikin waɗannan kaya, me zai faru a minti ɗaya na farko. In ka amsa wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Bari in fara da namu na gado. Kwale-kwale iri biyu za ka samu a wurin masunta, akwai komi wanda aka sassaƙa daga gungume ɗaya, galibi maɗaci, akwai kuma na katako da aka haɗa da ƙusa, mai shimfiɗaɗɗen ciki. Komi siriri ne yana yanka ruwa da kyau amma cikinsa zagaye yake, baƙo in ya hau sai ya riƙa jin kamar yana kan ƙwai, masunci ne kawai yake tsayawa a ciki ya jefa raga ko gezau. Na katakon ya fi nauyi ya fi jinkirin tashi amma yana zama daram, mutum huɗu ko biyar za su shiga su sake. In kai sabon shiga ne kar ka ko kalli komi, nemi na katako.

Abin da kwale-kwale ya fi sauran da shi, a wannan tseren musamman, shi ne wuri. Wasan shiga ai wasan taro ne. Ku biyar za ku iya fitowa sarki da fadawansa, ɗaya a tsakiya da laima, ɗaya da kalangu, sauran da filafili, ko ku yi ayarin fatake da buhunan da aka cusa wa ciyawa, 'yan kallo daga kan gada suna hango ku tun daga nesa. Filafilinsa baki ɗaya ne, kana tuƙi ta gefe guda hannunka ba ya hawa sama sosai, don haka riga mai ɗan faɗi ba ta cika damunka ba. Ga araha, ku haɗa kuɗi ku biya masunci hayar yini, kuɗin ya zauna a cikin gari a hannun mai iyali. In ya fashe kafinta na bakin ruwa zai toshe shi da tsumma da kwalta kafin la'asar.

Amma babban abin da kake haya ba jirgin ba ne, mutumin da zai zauna a gindinsa ne. Akwai wani dattijo masunci da nake zuwa wurinsa tun ina yaro, bara na same shi yana gyaran koma na ce Baba, yaran nan suna so su karɓi jirginka su tuƙa da kansu, ya ɗago ya ce ɗana, jirgi na ba su, amma ruwan wa zai ba su? Ya ce hanyar da ruwa ya bi bara ba ita ya bi bana ba, tudun yashin da ke hagu ya koma dama, gurbin da dorina ke kwana ya matsa ƙasa, shi da yake shiga kullum da asuba ya san wannan, su da ke zuwa sau ɗaya a shekara ina za su sani. Gaskiya ya faɗa. Kuma shi ne mai juya jirgin, don kwale-kwale in ba gwani a baya sai ku yi ta zagaye wuri ɗaya kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, na dama ya fi na hagu ƙarfi, goshin jirgi ya nufi gaɓa, kafin ku daidaita an wuce ku.

Aibinsa kuwa nauyi ne da shan ruwa. Kusan kowane na katako yana ɗan yoyo, dole a ware yaro ɗaya da kwano aikinsa kwarfe ruwa kawai. In ya hau tudun yashi sai kowa ya sauka an tura. In kuma ya kife, toh ba mutum ɗaya ne a ruwa ba, ku biyar ne lokaci guda da laima da kalangu da komai, kuma ba a mayar da shi daidai a tsakiyar kogi, sai an ja shi gaɓa. Yawanci abin da ke kifar da shi ba ruwa ba ne, murna ce, a zo kusa da gada a ji ihun mutane sai uku su miƙe tsaye gefe ɗaya suna ɗaga hannu. Ku yi alkawari tun a tudu cewa babu mai miƙewa sai mai gindin jirgi ya ce.

Sai kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na can ƙasashen ƙanƙara, arewacin Kanada da Girinlan, suna ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙashi ko itace su fita farauta, yanzu kuma da roba mai tauri ake zuba shi. Kana zaune ƙasa-ƙasa ƙafafu a miƙe gaba, filafilin baki biyu ne, dama hagu dama hagu, shi ya sa ko wanda bai taɓa hawa ba cikin rabin awa zai iya tafiya a miƙe, abin da kwale-kwale ba zai ba ka ba ko a kwana uku. In maganar gudu ce ta mutum ɗaya, babu tantama shi ne gaba. Ba shi da nauyi, mutum biyu sun ɗauke shi cak, ruwan da bai kai gwiwa ba ma yana wucewa, iska ba ta cika kama shi ba tunda kana ƙasa. Ka'idarsa ɗaya ce, dogo siriri ya fi gudu, gajere mai faɗi ya fi zama. Na gasar Olamfik na mutum ɗaya tsawonsa mita 5.2 ne nauyinsa kilo 12, wannan ko an ba ka kyauta kar ka hau, sirantarsa sai gwani. Waɗanda ke zuwa mana nan na yawon shaƙatawa ne, wajen mita 3 zuwa 4.

A nan sai ka lura da kyau don iri biyu ne kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Akwai wanda kake zama a kansa, bayansa a buɗe, yana da 'yan ramuka da ruwa ke zurarewa, in ya kife kai dai ka faɗa ruwa ne kawai, ka juya shi ka sake hawa. Akwai kuma wanda kake zura ƙafafu cikin rami har ƙugu. Wannan na biyun shi ne ya kife da ni.

Shekara biyu ke nan. Na ari babbar riga ta shadda mai aiki, na naɗa rawani, wai na fito attajiri, na zauna cikin ramin na tattara rigar na cusa ta kan cinya. Tun tashin farko na gane akwai matsala, don tuƙin kayak hannu yake so ya hau sama ya sauko, hannun rigar kuwa sai ya riƙa zamowa daga kafaɗa yana tsoma cikin ruwa, ya jiƙe ya yi nauyi, ina mayar da shi yana dawowa. Mun zo inda ruwa ke karya kwana gefen wani tudun yashi, hannun rigar ya naɗe kan filafili, na fizga, sai kawai na ji ni a ƙasa. Ruwan bai fi ƙirjina ba wallahi, amma ƙafafuna na cikin rami rigar ta cika ramin ta riƙe ni, rawanin ya warware ya rufe min fuska, na iya ruwa tun ina ɗan shekara bakwai amma ranar iyawar ba ta yi min komai ba. Wani masunci da ke bin mu a baya ne ya cafko wuyan rigar ya ɗago ni. Har yau in na tuna sai na ji tsigar jikina ta tashi. Mu 'yan garin auduga mun san yadda take shan ruwa, rigar da ka ɗauka da yatsa biyu a bushe in ta jiƙe sai ka sa hannu biyu, toh ka ƙiyasta tana jikinka kana neman numfashi.

Don haka in kayak ka zaɓa, nemi wanda ake zama a kai, kuma shigarka ta koma daga wuya zuwa sama. Malafa mai igiyar da za ta tsinke in an ja, fenti ko farar ƙasa a fuska, gemun auduga, kan burtu na kwali, ƙaramar riga da ta kama jiki. Maharbi yana yiwuwa in layun na takarda ne an ɗinke su jikin riga ba a rataye ba. Sarki ba ya yiwuwa. Sauran aibinsa, kai kaɗai ne, babu mai kwarfe maka babu mai nuna maka hanya, kuma samunsa wahala, 'yan ƙalilan ɗin da ke gari wani ne ya sayo daga Duwala ko ya yo oda daga waje, in na aro ne ya tsage babu kafintan da zai gyara maka, sai rigima da mai shi.

Allon tsayuwa kuma, shi ne yara suka fi ɗoki a kai saboda hoto. Daga Hawai ya yaɗu duniya cikin shekarun 2000, ko da yake tsayuwa a kan jirgi ana tura shi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, masuntanmu da gora suke yi tun kaka da kakanni, Buduma na tafkin Chadi ma da jiragen ciyawa. Wanda ke zuwa nan na hurawa ne, yana naɗewa cikin jaka ka goya shi a moto, nauyinsa wajen kilo 10, tsawo mita 3 da ɗan kai, faɗi wajen santimita 80, a hura shi da famfon hannu har ya yi tauri kamar katako. Ta fannin nuna shiga babu kamarsa, wannan dole in ba shi. Kana tsaye daga kai har ƙafa kowa na ganinka, makiyayi da malafa a kan allo filafili a hannu kamar sanda, wallahi abin yana da kyau.

Sai dai a ukun shi ne wanda ka tabbata za ka faɗa ruwa, ba wai ƙila ba. Kwale-kwale ya wuce kusa da kai ya tayar da igiyar ruwa ka faɗa, ka waiga ka amsa gaisuwa ka faɗa, ɗan reshen da ke ƙasansa mai daidaita tafiya ya caki yashi allon ya tsaya cak kai ka wuce gaba. Faɗuwar ba ta da muni in kayanka marasa nauyi ne, allon ba ya nutsewa, ka rungume shi ka hau. Iska ce babbar abokiyar gabarsa, lokacin tseren nan hunturu ya fara busowa, jikinka a tsaye ya zama tanti, in ka ƙara da riga mai faɗi sai iskar ta yi ta kai ka inda ba ka nufa ba kana tuƙi kamar ba ka yi. In ta yi ƙarfi ka durƙusa kan gwiwa, ba abin kunya ba ne. A gudu shi ne na baya, sai dai a ware wa masu allo rukuninsu.

Abu biyu kuma da masu sayarwa ba sa faɗa. Na farko igiyar da ake ɗaure allon da ita a idon sawu, an yi ta ne don teku da tafki, a kogi mai gudu in ta sarƙe da kututture ko ragar masunta ruwa zai danne ka ƙasa kuma hannunka ba zai kai ƙafar ba balle ka kwance, mutane sun rasu a haka a ƙasashen da ake yawan hawansa. In za a ɗaura sai a ƙugu da maɗaurin da ake fizgewa da hannu ɗaya. Na biyu mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi jere da masunta ke shimfiɗawa, da ƙayar da ambaliya ta kwaso, abin da aka hura da iska bai son su. Kuma kar a bar shi a kan yashi cikin ranar Garwa a hure tam, iskar ciki tana kumbura ɗinkin ya buɗe.

Akwai abubuwan da ba ruwansu da me ka hau. Dorina tana Binuwai, kowa ya sani, kuma in ruwa ya ja sai su taru a guraben da suka rage masu zurfi, wato daidai inda mai tsere ke so ya bi. Mai kayak da mai allo su ne a fili, babu abin da ya raba su da ruwa, amma kwale-kwalen ma tana kifar da shi in ta ga dama, musamman mai ɗa. Maganinta nisa ne kawai, a tambayi masunta da safiyar ranar, a sa jiragensu gaba da baya. Sai dam ɗin Lagdo da ke sama da mu, wanda aka gama a 1982, in an saki ruwa kogin yana canza fuska, ga Mayo Kebbi da ke zubowa kafin gari, masu shirya tsere su nemi labari wurin hukuma, su kuma sanar da sufurefe, wato shugaban gunduma, da jandarma kafin su tara jama'a a bakin ruwa. Sai tsargiya, ita ba a ganinta ranar, tana shiga ta fata a ruwa mai kwanciya na gefe inda dodon koɗi yake, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Wanda ya fi jiƙewa shi ya fi kusa da ita, ka ga nan ma mai allo ne a gaba. In ka ga alama ka je asibiti, maganinta praziquantel ne.

'Yan uwanmu na Kusiri da Njamena, ku naku lissafin ya ɗan bambanta, Shari da Logon suna kai ƙarshen cikarsu ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da namu ya riga ya fara sauka, don haka ruwanku a wannan watan ya fi ƙarfi ya fi faɗi, allo ba na sabon shiga ba ne a can. Ga shi kuma kogin iyaka ce, iska ta tura ka ɗaya gaɓar kana sanye da kayan burtu babu takarda a jikinka, ka san sauran.

Jile kuwa, rigar ceton nan, ban sa ta cikin zaɓi ba don ba zaɓi ba ce. Ana sa ta a saman kaya a ɗaure tam, ba a ƙarƙashin babbar riga ba. In kana ganin ta ɓata maka shiga ka mayar da ita cikin shigar, a liƙa mata layun takarda ta zama rigar maharbi, ko a zana mata ɓawon kifi. Rawani mai tsawo, abin rufe fuska da ke toshe baki da hanci, takobi ko wuƙar gaske, takalmin boot, duk a bar su a tudu. Ƙannena mata da ke son shiga, kwale-kwale ya fi muku sutura da kwanciyar hankali, ku sa wando a ciki maimakon zani kaɗai, hijabin ya zama gajere a cusa bakinsa cikin jile, dogon nan mai jan ƙasa a ruwa abin da rigata ta yi min zai yi.

Toh ga abin da na gaya wa yaran. Wanda bai iya ruwa sosai ba, ko karon farkonsa ke nan, ko kyautar shiga yake hari, ya tara abokansa su kama na katako da masunci a baya, kuma mafi yawansu a wannan rukunin suke. Wanda ya iya ruwa yana son ya riga kowa isa gada, ya nemi kayak na zama a kai, ya yi gwaji sau biyu ko uku kafin ranar, ɗaya daga ciki ya kifar da shi da gangan a ruwa iya ƙugu cikin kayan da zai sa, ya ga ko zai iya komawa kai. Allo na bar wa mutum biyu kawai cikinsu, waɗanda na san sun girma a bakin kogi, su ma da sharaɗin in hunturu ya taso da safe su naɗe shi su shigo jirginmu. Ni bana ina cikin jirgin Baba, mun shirya fitowa fatake, an ba ni kwanon kwarfar ruwa da wurin zama a tsakiya, buhunan ciyawar ma an riga an ɗinke guda huɗu, saura na biyar.